Jinin Matata da Injin da Ke Jiran Almakashi

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Shirin Gwajin Jinin Masu Juna Biyu na yankinmu.

Assalamu alaikum. Ina yi wa Yallaɓai barka da aiki, da fatan iyali suna lafiya. Yaya gajiyar taro? Muna jin muryarku a rediyo, Allah ya ƙara basira.

Sunana Sabi'u, malamin firamare ne ni a Roni. Ni da matata Rakiya kowa na ɗauke da rabin sikila a jininsa, ba mu kuwa sani ba sai da ɗanmu na fari, Auwalu, ya fara kumburin hannu da ƙafa. Yana da shekara huɗu Allah ya karɓi abinsa. Da Rakiya ta sake samun ciki, tambaya ɗaya ce ta hana ta sakat: shi ma wannan da ciwon zai zo? So muke mu sani tun da wuri, mu shirya inda za ta haihu, a fara kula da abin da aka haifa tun ranar farko, ba sai ciwo ya yi mana sallama ba.

Ana nan sai muka ji ku kuna cewa an kawo gwaji na zamani cibiyarku ta Kazaure, kyauta. Muka je da rawar jiki. Likitanku, Allah ya saka masa, ya yi mana bayani dalla-dalla. Ya ce akwai ɓurɓushin ƙwayoyin gadon jariri, wato DNA, da ke yawo a jinin uwa, amma ɗan mitsitsi ne, kamar cokalin gero a kwanon dawa. Dole a sa jinin a injin da ke juya shi, a ware ruwansa da gaggawa, a sanyaya, sannan a aika Kano a karanta. In jinin ya daɗe cikin zafi, ƙwayoyin jinin uwa fashewa suke, a juye buhun dawa guda a kan cokalin nan na gero. Na fahimta sarai. Ga kokena.

Na ɗaya. Injin nan yana nan, ranka ya daɗe, gani ya kori ji. Na leƙa ta taga na gan shi sabo fil a cikin ledarsa, an ɗaura masa kyalle mai kore da fari kamar ragon da za a kai gidan surukai. Da na tambayi dalilin da ya sa ba a kunna shi, sai aka ce ba a ƙaddamar da shi ba tukuna. Babban baƙon da zai yanka kyallen ya tafi Umara. Ya dawo, sai bikin 'yarsa. Aka gama biki, sai damina ta wanke fentin ginin, aka ce ai ba a kawo babban mutum gini ba fenti. Ni a iya sanina da wuta inji ke aiki. Sai a cibiyarku na ga mai aiki da almakashi.

Na biyu. Tunda inji yana hutawa, sai a ɗebi jinin Rakiya da sassafe, a sa a 'yar kula mai ƙanƙara, a miƙa wa direba a tasha kamar saƙon kilishi. Yallaɓai, ba na jin kun taɓa shiga motar haya, don haka bari in ilmantar da ku, aikina ne: motar Kano ba ta tashi sai ta cika. Ba ruwanta da ƙwayoyin gado. Karon farko aka bugo aka ce samfurin ya lalace, a dawo. Karo na biyu aka ce na jaririn bai isa a karanta ba, a sake dawowa. Duk zuwa sai mun hau babur daga Roni da ciki a gaba, duk dawowa sai Inna, mahaifiyar Rakiya, ta dafa mata zogale da hanta don mayar da jini, tana mita wai anya mutanen nan ba sayarwa suke yi ba. Na kare ku a gabanta har muka kusa ɓatawa. Yanzu ko ido ba na iya haɗawa da ita.

Na uku. A karo na uku na ce wallahi ba za a yi da ni ba. Na bi kular nan har tasha. Na tarar an cusa ta ƙarƙashin buhun gyaɗa a bayan mota, rana ta take, direba yana shan shayi, saura kujera uku. Na roƙe shi, ya ce ai ko gawa aka ɗauko sai mota ta cika. To me ya rage? Na naɗe hannun riga na shiga tsakiyar titi ina ihun Kano mutum ɗaya, ni da nake zane yara in sun yi ƙarya. Na ƙwato wata tsohuwa daga hannun ɗan kamasho na gaske, ya kusa yaga mini riga. Mahaifin wani ɗalibina ya tsaya da babur ya dube ni da tausayi, ya ce ashe jinkirin albashi har ya kai haka, Allah ya kawo sauƙi. Mota ba ta tashi ba sai bayan azahar, ƙanƙara kuwa ta zama ruwan wanka. Sakamakon da na samu daga shirinku shi ne suna: yau a Roni, daga yara har manya, Malam Kamasho suke ce mini.

Na huɗu. Makon jiya ma'aikacinku ya zo har makaranta da albishir cewa an sa ranar ƙaddamarwa, kuma an zaɓe ni in yi jawabin godiya a madadin waɗanda suka amfana, tunda matata ta fi kowa zuwa. Har ya ja mini kunne in sa manyan kaya, za a ɗauki hoto. Kai jama'a! Na rasa dariya zan yi ko kuka.

To ku sani, ranka ya daɗe, mun riga mun sami sakamakonmu. Rakiya ta haifi mace, mun sa mata Amatu. Bayan 'yan watanni, ranar wata Laraba da safe Rakiya tana yi mata wanka, sai na ji ƙarar ruwa ta tsaya. Na leƙo na ga ta riƙe hannun yarinyar tana kallo, 'yan yatsun sun kumbura suntum, irin na Auwalu sak. Ta juyo hannun ta nuna mini. Asibiti sun tabbatar daga baya, amma ita ta riga su karantawa. Raina ya ɓaci, Yallaɓai, har yau kuma bai gyaru ba. Mun yarda da ƙaddara, ciwon ba ku kuka sa mata ba. Amma watannin da muka yi a duhu muna jiran gawon shanu, waɗannan naku ne.

Roƙona kaɗan ne. A cire ledar nan a kunna inji gobe, don na bar mata a kan bencinku da cikinsu, kowace da tambaya irin ta Rakiya. A daina bai wa direban haya jinin mutane. In kuma dole sai an yanka kyalle kafin inji ya juya, ga almakashi nan na haɗo da wasiƙar nan. Na Rakiya ne, da shi ta yanka rigunan Amatu, yana da kaifi. Ko maigadi ya iya riƙe shi.

Maganar jawabi kuwa, a yi mini afuwa, muryata ta tafi a tasha. Amma in hoton wadda ta amfana kuke so, zan kawo muku Amatu. A dai sa mu a inuwa, kuma a gaya wa mai hoto ya ɗauko hannunta.

Allah ya ƙara wa Yallaɓai lafiya, ya raya masa zuriya, kada ya nuna masa ranar da zai tsaya a tasha yana jiran mota ta cika.

Wassalam.

Sabi'u, mahaifin Amatu,
Roni.