Kunkurun 'Yata Ya Ci Gasa, Ni Kuma Na Ɓoye Takardarta

Anti mai shawara, don Allah ki taimake ni, na yi abin da ko mai ɗakina na kasa faɗa wa. Ni direban tifa ne, shekara ashirin da shida ina ɗaukar yashi. 'Yata ta fari, wadda muke kira Injiniya tun ranar da ta kwance min rediyo tana firamare, yanzu tana shekarar ƙarshe a jami'a. Bara ita da abokan karatunta huɗu suka shiga gasar ƙera mutum-mutumin da zai yi aiki a duniyar wata. Sharaɗin gasar mai tsauri ne: da an ajiye shi a fili, ba mai taɓa shi, ba mai aika masa umarni. Shi zai nemi hanya, ya kauce wa dutse, ya ɗebo ƙasa ya kawo, don a can sama ba wanda zai zo ya tura shi.

Nasu mai taya shida ne, bai fi akwatin kayan aikina girma ba, ga tafiya a hankali, shi ya sa na sa masa suna Kunkuru. Ni na juye musu yashi tifa guda a tsakar gida don gwaji. To ni zuciyata ba ta jure ganin taya na juyawa wuri ɗaya, da ya kafe sai in yi wuf in ɗaga shi. Rannan Injiniya ta ce min, cikin ladabi amma ba wasa, duk ɗagawar da nake yi ina hana su ganin inda yake kuskure. Ta ajiye min benci can gefe, uwarta na ta dariya. Kwana uku ina cika ina batsewa. A na huɗu ta zo da littafi ta tambaye ni yadda nake fid da tifa daga yashi. Na ce ba a ba ta wuta, wuta rami take haƙawa. Tsayawa ake yi, a sa ribas kaɗan, a dawo gaba kaɗan, ana lilo da ita har taya ta samu abin kamawa. Ashe rubuta wannan za ta yi a ƙwaƙwalwar Kunkuru.

Ranar gasa ƙungiya goma sha huɗu suka zo, wasu na'urorin sai sheƙi suke, namu kuwa har da shatin walda. Yashin filin laushi kamar gari. Takwas suka kafe a gabanmu, suna ba da wuta suna binne kansu. A minti na shida Kunkuru ma ya kafe. Na miƙe ban sani ba, mai ɗakina ta damƙe min riga. Sai ya tsaya cak, ya ja baya, ya dawo gaba, ya sake, a karo na huɗu ya haye abinsa. Ihun da na yi sai da masu gadi suka waiwayo. Mu muka zo na ɗaya, muka ɗau kofi! Da babban alƙali ya tambayi wanda ya koya masa wannan dabara, yarinyar nan ni ta nuna. Anti, na yi kuka a gaban jama'a, kuma ban ji kunya ba.

Ga inda matsalar take. Cibiyar da ta shirya gasar ta ce za ta ɗauki biyu daga cikinsu aikin shekara biyu, can nesa, tafiyar jirgi. Takarda ta zo ofishin ƙungiyarmu ta direbobi, don adireshin da ta bayar ke nan. Na buɗe, na ga an ɗauke ta. Yau kwana tara tana ƙarƙashin kujerar tifa, saura kwana shida wa'adin amsawa ya cika. Kullum na dawo sai ta tambaye ni ko takarda ta zo, in ce shiru. Yarinyar da ba ta taɓa yin mako a wani wuri ba, ga gyambon ciki, in ta sa aiki gaba sai an kai mata abinci har hannu. In ta kafe a can, wa zai ɗaga ta? Tsoro nake ji, kuma ina jin kunyar kaina.

Direban da ya kafe

Baba Direba, barka da arziki, Allah ya ƙara wa Injiniya basira, kai ma kofin nan kana da rabo a ciki.

Tsoronka ba abin dariya ba ne. Shekara biyu ba kwana biyu ba, kuma gyambon ciki ba ya son wasa. Amma takardar nan ba taka ba ce, kuma duk ranar da ka ce mata shiru, ramin kake ƙara haƙawa. In wa'adi ya wuce, abokan karatunta ko cibiyar za su sanar da ita, ta rasa aikin, kai kuma ka rasa yardar da ta sa ta ba da adireshinka.

Yau ɗin nan ka ciro takardar. Ka fara faɗa wa mai ɗakinka, na ga ta iya riƙe maka riga. Sannan ka miƙa wa 'yarka da hannunka, ka faɗi kwana taran yadda suke, kada ka rage ko ɗaya, ka ba ta haƙuri. Za ta iya yin fushi, ka bar ta ta yi. Bayan ta amsa wa cibiyar, ku zauna ku tambayi masauki, asibiti, wanda zai kula da su, da lokacin hutu. Ta ga likita kafin tafiya, ku tsayar da ranar waya kowane mako.

Ka tambaye ni wa zai ɗaga ta. Ka tuna, Kunkuru bai ci gasa ba sai da ka koma benci, kuma abin da ya fid da shi daga bakinka ya fito. Wadda ta zo da littafi ta koyi ribas a wurinka ba za ta binne kanta ba. Allah ya kai ta lafiya, ya dawo muku da ita da wani kofin.