Na Gaida Gwaggo a Tsaye

Yaya Hadiza,

Gaisuwa mai yawa daga Yamai. Ina lafiyarki, ina maigida da yara, ina zafin Agadas?

Jiya na kai ɗalibaina baje-kolin matan karkara a Wadata, su ga mata masu neman na kansu. Ashe Gwaggo Rabi ta zo daga ƙauye da garin sabara da bagaruwa, har da rumfarta. Direktar lakwal ɗinmu, wato shugabar makarantarmu, na gefena, sai na kasa durƙusawa, na gaishe ta a tsaye kamar baƙuwa.

Ta dube ni ta ce, "Madam, wane magani za a ba ki?"

Gobe zan koma da yaran, in durƙusa mata a gabansu. Ki taya ni roƙonta, ki sa ni a addu'a. A gaida kowa.

Ƙanwarki,
Zalika