Sun Kai Ni Ghana Ziyarar Abokina Alhali Sun San Ya Rasu

Malama Rahmatu, assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni da shawara, domin na rasa wanda zan kai wa wannan magana a garinmu ba tare da ta zama abin hira a bakin kasuwa ba. Ban taɓa zaton zan kai kukana jarida ba. Na yi shekaru ina gyara wa mutane rubutu da jan biro, yau ga ni ina neman shawara wurin wadda na tabbata na haife ta. Kada ki ji haushi, haka bakina yake.

Ni tsohon malamin makaranta ne. Na yi karatu a Zariya lokacin da karatu yake da daraja. Na koyar da lissafi a Makarfi, aka mayar da ni Ikara, na ƙare aiki ina shugaban wata makaranta a wajen Kudan. Waɗanda na koya wa tarawa da ɗebewa su ne yau suke wuce ni a mota da gilashi a rufe. Ban ce su tsaya ba. Na faɗa miki ne don ki san ba jahili ne yake magana ba, ko da yake a gidana haka aka ɗauke ni yanzu.

A farkon aikina an kawo mana malamai daga Ghana. Cikinsu akwai Salman, Bahaushen zangon Kumasi, mai koyar da kimiyya. Ɗaki ɗaya muka zauna a gidan malamai. Hausarsa tana ba mu dariya, tamu tana ba shi. Shi ya raka ni zance wurin matata Azumi, Allah ya jiƙanta, yana tsaye riƙe da kekena sauro yana cinsa. Ranar kasuwa ba ya dawowa sai da mazarƙwaila, yana cewa duk ƙasarsu babu abin da ya kama ƙafarta. Da gwamnati ta kori baƙi a 1983, ni na kai shi tasha a Zariya da akwatinsa a kaina. Tun ranar ban sake sa shi a ido ba. Wasiƙa ta yi ta zuwa, daga baya ta yanke. 'Yan shekarun nan ɗansa ya nemo mu, muka koma magana ta waya duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Da Azumi ta rasu, shi kaɗai ya rage wanda nake iya doguwar magana da shi. Sauran sa'o'ina wasu sun mutu, wasu sun kurmance, wasu sun shiga siyasa.

'Yata Naja'atu ma'aikaciyar jinya ce a Kaduna. Ita da mijinta Uwaisu suka shirya tafiya hutu Ghana da yaransu, suka ce da ni za a je. Za mu ga gari da teku, su yi 'yan kwanaki suna aikin sa kai tare da wata ƙungiyar unguwa mai auna wa mutane hawan jini da suga kyauta, sannan mu ƙarasa Kumasi. Ni teku bai dame ni ba. Saboda Salman na yarda na bi layin fasfo, na miƙa hannu aka tsira mini allura kamar ɗan firamare.

Kamar wata biyu kafin tafiyar, wayar Juma'a ta daina shigowa. Na kira, ba a ɗauka ba. Na tambayi Naja'atu, ta ce ta yi magana da ɗansa, jikin ne ya ɗan matsa, likita ya hana shi waya, amma yana sane da zuwanmu, yana ta murna. Na yarda. Me zai hana ni yarda? Ita ce mai karanta mini takardun asibiti. Da kaina na je wurin masu dafa rake a hanyar Kudan, na tsaya a kansu aka zuba mini sabuwar mazarƙwaila, na naɗe ta na sa a ƙasan jaka.

Gaskiya na ji daɗin tafiyar, kuma wannan ne yake cin raina. A Accra na cire takalmi na shiga teku har gwiwa, jikokina suna ihu wai Kaka zai nutse. An kai mu wani tsohon gini a bakin ruwa inda a da can ake tsare bayi kafin a loda su a jirgi. Da aka fara aikin sa kai a wata unguwar Hausawa, ina zaune a gefen rumfa ba ni da abin yi, sai shugaban wata ƙaramar makaranta ya ji an ce ni malami ne, ya zo ya miƙo mini alli. Rabona da alli tun ritaya. Ina shiga aji yara suka miƙe tsaye. Na koya musu lissafin rabawa, wata yarinya a layin baya ta gane, na ga fuskarta ta washe. Na koma masauki ina tara labarin da zan ba Salman. Zan ce masa hannun bai mutu ba. Zan ce masa yaran ƙasarsu sun fi namu ladabi, don ya yi dariyar nan tasa ya ce ai tun a Makarfi yake faɗa mini. Kullum in na ce mu wuce Kumasi, sai Uwaisu ya ce Baba a bari a kammala aikin mutane tukuna. Na lura Naja'atu ba ta cin abinci sosai, na ɗauka gajiya ce.

Da muka isa Kumasi, ɗan Salman ya tarbe mu, aka zaunar da ni, aka kawo ruwa da abinci. Na ce ina mutumin nawa? Aka ce a ci abinci tukuna. Na fito da tsarabata na ajiye a gabana. Sai ga limamin unguwa da dattawa biyu sun shigo, suka zauna, suka ja gaisuwa, suka shiga zancen haƙuri da ƙaddara. Malama, ni da aka sha aikena irin wannan aike a garinmu, na san wannan zama. Liman bai kai ƙarshen maganarsa ba na juya na dubi 'yata. Kanta a ƙasa. Mijinta kansa a ƙasa. Har babbar jikata ta ja mayafi ta rufe fuska. Kowa ya sani sai ni. Salman ya rasu tun makon da wayar ta yanke. An yi sadakar uku, an yi ta bakwai, an yi ta arba'in, ni kuwa ina Makarfi ina zaɓar hular da zan sa in je masa.

Aka kai ni maƙabarta. Ƙasar ta riga ta kwanta, ciyawa ta fara tsirowa. Matarsa tana cikin takaba, ta bayan labule na yi mata ta'aziyya, ta ce har ya kwanta ciwon ajali yana tambaya ko na sami fasfo. Mazarƙwailar aka farfasa aka raba wa yaran unguwa sadaka.

Naja'atu ta durƙusa ta ba ni dalilinta. Ta ce a lokacin jinina ya hau ƙwarai, ga rasuwar mahaifiyarta ko shekara ba a yi ba, ta ji tsoron in yanke jiki in faɗi ni kaɗai a gida. Ta ce ta san in na ji ba zan tafi ba, zan koma ɗaki in rufe ƙofa kamar yadda na yi bayan Azumi. Wai ta so a gaya mini ina tsakiyar mutane, in ga iyalinsa, in tsaya a kan kabarinsa. Wai kullum tana niyyar faɗa, sai ta gan ni ina dariya ta kasa.

Na san al'ada. Ana ɓoye wa tsoho ko matafiyi rasuwa, a ce masa jiki ya tsananta, har ya iso gida. Amma wannan na yini ne ko kwana. Ba a ɗaukar mutum a zaga da shi bakin teku ana yi masa hoto. Hotunan suna nan a wayoyinsu, ina washe baki, abokina yana ƙarƙashin ƙasa. Wata biyu ina roƙa masa lafiya a sujada, alhali gafara yake buƙata. Wannan ne na kasa haɗiyewa.

Tun da muka dawo ba na ce mata komai sai amsa sallama. Tana zuwa duk ƙarshen mako, ta kawo magani, ta zauna a bakin ƙofa har la'asar. Kwanan nan ta kawo sakamakon gwajin ƙodata, ta ce Baba komai lafiya lau. Na dube ta, sai na ga fuskar nan da ta yi ranar da ta ce mini Salman yana murna. Yanzu ban san ko lafiyar ce ba.

Ga shi ta sami aiki a wani asibiti a Saudiyya, bayan Sallah za ta tafi, ba za ta dawo ba sai an yi shekara biyu. Ta turo ƙanena ya roƙe ni in yafe mata in sa mata albarka, ta ce ba za ta hau jirgi ba sai ta ji daga bakina, ko da za ta rasa aikin. Ban yi mata baki ba, Allah ya kiyaye. Amma harshena ya ƙi furtawa. In na yafe, na amince ke nan ni kaya ne da ake ɗauka a ajiye. In na ƙi, a shekaruna, wa ya san ko za ta dawo ta same ni? Ki gaya mini abin da zan yi.

Tsohon Malami, Makarfi.

AMSA

Wa alaikumus salam, Baba. Ban ji haushi ba ko kaɗan. Allah ya jiƙan Malam Salman da Mama Azumi, ya ba ka haƙurin rashinsu.

Zan fara da abin da nake jin har yanzu ba wanda ya faɗa maka a fili: ba a kyauta maka ba. Haƙƙinka ne ka ji rasuwar amininka a lokacinta, ka yi kukanka, ka yi masa addu'a, ka zaɓa da kanka ko za ka tafi ko za ka fasa. Naja'atu ta yanke maka hukuncin da ba nata ba ne, kuma ta haɗa da ƙarya. Fushinka ba rigimar tsufa ba ce.

Amma ka dubi inda ta tsaya. Ta binne uwa, ta ga uba ya rufe kansa a ɗaki, kuma a wurin aikinta ta sha ganin abin da mummunan labari yake yi wa mai hawan jini. Ina kyautata zaton ƙaryar kwana ɗaya ta yi niyya, sai ta girma ta fi ƙarfinta. Kai da kanka ka ce ba ta cin abinci a tafiyar. Wanda ya raina ka ba ya rasa cin abinci saboda kai, ba ya kuma zaman bakin ƙofarka har la'asar. Tsoro ne ya kai ta, ba raini ba. Tsoron bai mayar da kuskuren daidai ba, amma ya kamata ya shiga lissafi.

Batun sujada, ka tambayi limaminku ya ƙara maka bayani, ni dai abin da na sani shi ne Wanda ka roƙa ya san inda Malam Salman yake a lokacin, kuma ya san abin da zuciyarka take nufa da shi. Ƙofar nema masa gafara ba ta rufe ranar arba'in ba. Dariyar da ka yi a bakin teku kuwa ba cin amana ba ce, domin ba ka sani ba.

Abin da ya cakuɗe maka abu biyu ne, yafiya da yarda. Ka raba su. Yafiya kana iya bayarwa yau. Yarda kuwa sai an sake gina ta, kuma kai za ka faɗi sharaɗi. Ka kira ta ita kaɗai, ba miji ba ƙane. Ka faɗa mata abin da ka faɗa mini, musamman maganar addu'ar nan, don ina shakkar ko ta san nan ne ciwon yake. Ka ce daga yau ba a ɓoye maka rasuwa, ba a ɓoye maka ciwo, naka ko na wani, komai nauyinsa. Sannan kafin ta tafi ku je asibiti tare, ka zauna gaban likita da takardarka a hannunka, ka ce da kai za a yi magana, ita ta saurara. Mai iliminka ba ya buƙatar tafinta a kan ƙodarsa. Maganinka kuma kada ka bari fushi ya sa ka yi wasa da shi. Ku kuma tsayar da wanda zai riƙa leƙa ka idan ta tafi, kai za ka zaɓe shi.

Wanda ya yi haka bai zama kaya ba, Baba. Uba ne ya tsawata, ya kafa doka, ya yafe.

Kada ka jira sai zuciyarka ta huce gaba ɗaya, domin mai yiwuwa ba za ta huce kafin Sallah ba. Ka furta ko da murya tana rawa. Kai ka fi kowa sanin zafin maganar da ta iso a makare, kada albarkarka ta iso wa 'yarka haka. Ka aika mata ta zo wannan makon, in ta zauna a bakin ƙofa ka ce ta shigo ciki.

Allah ya sanyaya maka zuciya, ya ƙara maka lafiya, ya kai ta lafiya, ya dawo da ita ta same ka.

Malama Rahmatu