Ƙaurin Tsumman da Yaya Sammani Ke Ji

Maiduguri,
9 ga Fabrairu, 1986.

Zuwa ga Yaya Sammani,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Inna da Adama da yara. Yaya ban ruwa? Tumatir ya nuna kuwa? Ni lafiya lau, sai dai karatun jinyar nan ya ɗan rage ni. Kada Inna ta ji.

Yaya, tambaya gare ni. Makon nan muka shiga darasin farfaɗiya, ga jarrabawa ta matso. Malaminmu ya ce wasu kan ji wari kafin su faɗi, wai ƙwaƙwalwa ce ke gargaɗi. Sai na ajiye biro, na tuna yadda kake cewa kana jin ƙaurin tsumma, mu kuwa mu ce mutanen ɓoye sun iso. Don Allah ka rubuto mini, kullum ƙaurin iri ɗaya ne? Daga jin sa zuwa faɗuwa, taku nawa za ka iya yi? Ko goma ne, sun isa su raba ka da bakin kanal ɗin ban ruwa.

Akwai ƙwayar da ke rage tashin ciwon, fenobabiton. Ka je asibiti likita ya duba ka. Matarka Adama kuma ta daina cusa maka cokali a baki, ta kwantar da kai ta gefe kawai.

Ashe ma ba a ɗaukar ciwon ta yawu. Shekara nawa kana faɗuwa ina gudu, in bar ka cikin laka! Ka yafe mini, Yaya. In Allah ya kawo ni hutu, kwano ɗaya za mu ci.

Ƙaninka,
Iliyasu