Taswirar da ba gidan kowa a cikinta

Salamu alaikum jama'ar gidan nan, admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara.

Ni 'yar Zongo ce, ina shekarar ƙarshe a karatun lissafi. A binciken da nake rubutawa, nakan sa ordinater, wato kwamfuta, ya watsa ɗigo barkatai a kan takarda kamar an watsa wa kaji gero, sai in lissafo wuri ɗaya da ya fi kusa da su duka, in sa masa jan tauraro. Ɗigon nan ba gidan kowa ba ne, na'ura ce ta ƙirƙiro su.

To mutanenmu da yawa sun koma bayan unguwar Tampouy, ƙungiyarsu ta samu keken ambilans na kai masu naƙuda asibiti, aka yi ta rigima kan inda za a gina masa rumfa, kowa na so a ƙofarsa. Kawuna, wanda ya riƙe ni tun rasuwar babana, ya ga takardar a kan teburina ya ɗauka taswirar unguwar ce. Ko tambayata bai yi ba, ya kai wa dattawa bayan sallar Juma'a, wai 'yarsa ta raba gardama da ilimi. Suka juya takardar, suka ce tauraron ya faɗo daidai filin masallaci. Aka kira ni ana ta sa min albarka. Har wata tsohuwa ta ce in nuna mata gidanta, Allah ya yafe min, na ɗora yatsa kan wani ɗigo kusa da tauraron.

Jiya na zaga unguwar a moto, wato babur. Yawancin gidajen suna ƙetaren kanal, babban magudanar ruwan da ya raba su da masallacin, takardata kuwa ba kanal a cikinta. In aka yi ruwa mai ƙarfi keken ba zai haye ba, sai ya yi dogon zagaye ta kwalta. Ga damina ta kawo kai, jibi kuma za a rufa wa rumfar da aka kafa a filin masallacin kwano.

Na gwada yi wa kawu bayani, ya katse ni, wai in daina raina kaina, shi ya riga ya rantse a gaban mutane. In na fasa ƙwai na zubar masa da mutunci, in na yi shiru ina tsoron ɗaukar alhakin rai. Tsohuwar nan a ƙetare take, jikarta na da cikin wata takwas, jiya tsohuwar ta tare ni ta ce hankalinta ya kwanta tunda ta ga gidanta kusa da tauraro.

'Yan uwa, wa zan fara faɗa wa, kawu ko tsohuwar?