Ɗakin Marigayi Isa

Gagarawa, daren Talata, kakar 1956

Yau na sha kunya a gaban alƙali a Gumel. Kawun Hajara ne ya kai ƙarata, don na ce ta kwashe 'ya'yanta da kayanta daga ɗakin mijinta, ƙanena marigayi Isa, in zuba buhunan gyaɗa. Ko takaba ba ta gama ba.

Alƙali bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Malam Habu, wa ya ba ka ikon fitar da mai takaba daga ɗakin mijinta? Marayun nan kuma, ba su da gado a gidan ubansu?"

Na ce, "Allah ya gafarta malam, wurin ajiya ne ba ni da shi." Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Alƙali ya yanke hukunci ta zauna, ko tabarmarta kada a taɓa.

Da na dawo na tarar ta ɗaure kayanta a bakin ƙofa, ta ɗauka ni zan yi nasara. Ta durƙusa ta ce, "Yaya, yaushe za mu tashi?"

Na sunkuya na ɗauki ƙunshin na mayar ɗaki da kaina. Rigar Isa ce a samansa, har yanzu da ƙanshin turarensa.