Audugar Matashin Inna

Yaya Hajara,

Assalamu alaikum. Ya jikin Malam, ya yara, ya zaman Jidda? Mu nan unguwar Hajj Yusuf lafiya lau, alhamdu lillahi.

Ranar Juma'a aka yi sunan jikar Goggo Asabe a Umdurman. Goggo ta aiko cewa gurasa irin ta Inna take so, da zafinta, don haƙora sun ƙare. Ga nisa, ga sojoji suna tsare motoci a bakin gada. Sai na tuna yadda Inna kan naɗe gurasa a ƙyalle, ta kewaye ta da auduga cikin kwando, ta kai wa Baba gona a Jazira. To ina ni ina auduga a Khartum? Yaya, matashin kan marigayiya Inna na farke, na kwashe audugar.

Mun daɗe a gadar, ina rungume da kwandon kamar jariri. Da na buɗe a gaban Goggo, tururi ya tashi. Ba ta taɓa gurasar ba. Audugar ta ɗauka ta shinshina, ta ce, "Wannan man kan uwarku ne." Ta ƙulle ta a bakin zane, ta hana ni.

Ki sa Inna a addu'a idan kin je Harami. Ki gaida Malam. Matashin na ɗinke shi haka nan, ba komai ciki.

Ƙanwarki,
Zainabu